Neman Malam Tekna a Rijiyar Arli

A Tawa na fara gane cewa na bar gida. Wani gardi mai jar hula ya karɓi takardar tafiyata, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Kai ɗan Ingilishi, me kake nema a ƙasar Faransi?" Na ce littafi. Sai ya ƙwala wa ɗan'uwansa kira, wai ya zo ya ga mutumin da ya baro ƙasar Gobir a tsakiyar bazara don neman littafi. Suka yi dariyarsu har ta ishe su, suka cinye ƙullin dakuwar da Innata ta ɗaure mini, sannan suka ce in wuce. A zuci na zage su tas.

Bari in faɗi abin da ya fito da ni, don kada a ɗauke ni mahaukaci yadda gardawan nan suka ɗauke ni. Sunana Habibu. Mahaifina ne ke riƙe da sarautar garinmu a lokacin. Ƙaramin gari ne a bakin iyaka, amma tambarinmu tsoho ne, daga Abzin kakanninmu suka sauko da shi. Gida biyu ne ke jin suna da haƙƙi a kansa: gidanmu, zuriyar Sarki Jatau, da Gidan Gabas, zuriyar Kure. Mutanen Gidan Gabas suna cewa Kure shi ne ɗan Sarki Tambo na cikinsa, Jatau kuwa ɗan ƙanwar sarki ne kawai, ƙwace ya yi wa ɗan gida. 'Ya'yan mace suke kiranmu, a kasuwa, a wurin suna, har a ƙofar masallaci. Da suka ga Baba ya tsufa sai suka kai ƙara wurin Di'o, Baturen da ke kula da gundumarmu. Di'o ya ce bayan kaka zai zo rangadi, kowane gida ya kawo abin da yake da shi a rubuce. In muka faɗi za a cire wa Baba rawani, kuma sarkin da aka tuɓe ba ya zama a garin. Tsohon da sai an riƙa shi yake hawa jaki, ina za shi?

Muna da namu rubutun, 'yan warƙoƙi a tsohuwar gafaka, jerin sarakuna da larabci. Farkonsa ya ɓata tun kafin a haifi Baba. Kuma daidai layin Jatau, bayan kalmar "ibnu", wato ɗa, akwai rami a takardar. Baba ya ce gara ce ta ci wurin, kuma ya rantse "ɗansa" aka rubuta. Ya ce uwar littafin da aka kwafo namu daga gare ta tana Abzin, a hannun wasu malamai. Ni ne na yi karatu a gidan, don haka ni aka ɗora wa.

Na isa Agadas a bayan raƙumin wasu fatake, cinyoyina duk sun sale. Kwana goma ina bin zaurukan malamai. Da na ambaci tsohon littafi sai fuska ta canza, a miƙo mini ruwa, a yi mini addu'a, a raka ni ƙofa. Daga baya na ji dalili. A zamanin iyayensu sojan Nasara sun yi wa malaman garin ɓarna, aka watsa littattafai, waɗanda suka tsira suka gudu da abin da ya rage cikin duwatsu. Tun daga nan baƙon da ya tambayi littafi ba a ba shi amsa.

Wanda ya ba ni amsa ɗaya ne, shi ma macuci. Wani dillali ne mai zaƙin baki, ya tare ni a kasuwar raƙuma, ya ce, "Malam, ai tarihin sarakunan Gobir a ɗakina yake kwana." Ya kawo mini ƙunshin warƙoƙi jajaye, ya ce ba a buɗe su a kasuwa saboda albarka. Ya ce shi ba ya sayar da ilimi, sai dai musaya. Na tuɓe babbar rigar da Baba ya ba ni don in shiga gaban manya da ita, mai aska takwas, na miƙa masa. Da na koma masauki na kwance, sai warin hayaƙi ya buge ni. Sabuwar takarda ce aka turara a murhu. Abin da ke ciki kuwa babin alwala ne da na haddace tun ina yaro, shi ma da kurakurai. Wallahi na zauna na yi kuka, ba don rigar ba, don wautata. Na nemi mutumin har ƙafata ta kumbura, ko inuwarsa ban ƙara gani ba.

Da guzuri ya ƙare sai na shiga aiki a garkar wani tsohon Ba'abzine a bayan gari, ina kora bijimi yana jawo guga, ina bai wa albasa da alkama ruwa. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, a guntule. Ranar da ya ga ina karanta warƙoƙinmu a gindin dabino ya tambaye ni, na zayyana masa komai. Ya daɗe yana kallona ta saman rawaninsa, sannan ya ce, "Littafi wannan, ni ya sani. Mai shi yana arewa, wajen rijiya na Arli. Sunanshi Tekna. Shi tsoho ne, shi ba ya son baƙo." Na maimaita sunan har ya zauna mini: Malam Tekna, Malam Tekna. Da zan tafi ya cika mini buhu da busasshen dabino, ya ƙi karɓar ko godiya.

Ayari ba ya bin wannan hanya a irin wannan zafi. Masu bin ta kawai su ne wasu Nasara masu neman dutse, da suka zo a shekarun ƙarshe na mulkinsu, suna ɗibar lebura. Na rubuta sunana, ni ɗan sarki, aka ba ni diga. Aka loda mu a bayan babbar mota tare da bidon ruwa, wato jarkoki, da buhunan gero. Irin motar nan mu lori muke ce mata, mutanen can kamiyo. Direban, Agali, Ba'abzine ne da ya yi soja, babban mutum mai furfura a gemu. A Anu Araren, inda daga baya aka haƙa gawayin ƙasa, zazzaɓi ya kayar da ni. Shugaban lebura ya ce a bar ni a bakin rijiya wani ya tsince ni. Agali ya kashe mota, ya sauko, ya ce, "Malam bai tafi ba, kamiyo bai tafi ba." Ya ɗauke ni ya sa a gaba kusa da shi, yana ɗura mini shayi a hanya.

Wanda ya san Arlit ta yau, da fitilu da gidajen siminti da tsaunukan ƙasar da aka tono, ba zai yarda da ni ba. A lokacin babu komai. Fili ne na baƙin tsakuwa iyakar ganinka, da rijiya, da 'yan bukkokin tabarma na makiyaya can gefe a cikin kwari. Aikina shi ne in bi wani Bafaranshe, da muke kira Mushe, da akwati a wuya. Akwatin nan in ya zo kan dutsen da suke so sai ya kama kuka kamar gyare, Mushe ya yi tsalle, mu kuma a ce mu haƙa. Hannun da bai saba da komai ba sai alƙalami ya yi kanta. In na kwanta hutun rana a ƙarƙashin mota, sai in ga kukar ƙofar gidanmu a idona, in ji ƙamshin miyar Innata, in juya fuska don kada lebura su ga hawaye.

Duk ranar da aka tashi aiki da wuri sai in gangara wurin makiyayan. "Ina Malam Tekna?" Maza su dubi juna, su ce babu malami mai wannan suna. Na tambayi masu ban ruwa a rijiya, na tambayi masu wucewa da awaki, amsa ɗaya. Wasu ma sai in ga kafaɗarsu na rawa a ƙarƙashin rawani, dariya suke yi. Na ɗauka don sun gan ni da Nasara ne suke ɓoye shi. Wata biyu cur a haka. Hadari ya fara haɗuwa ta kudu, na san a gida an yi shuka, kaka na tafe.

Akwai wata tsohuwa a bukkar ƙarshe, siririya, hannunta shuɗi da baban zane. Kowa Anna yake ce mata, wato Inna da harshensu. Tun ranar da ta ga leɓena ya tsage take ajiye mini nonon raƙumi a akushi. Ba ta tambayata komai, sai ta zuba mini ido ina sha. Wata la'asar na zo mata a fusace, na dire akushin, na ce, "Inna, ki gafarce ni, amma wannan Malam Tekna ba shi da imani! Mutum ya baro uwa da uba, an cuce shi, ya zama lebura, shi yana laɓe a rami. Wallahi in na gan shi sai na ja gemunsa!"

Ta rufe baki da gefen mayafi, jikinta na girgiza da dariya. Ta ce, "Shi ba shi da gemu."

Na ce, "Au, kin san shi?"

Ta ce, "Ni ne shi."

Kai! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe Tekna sunan mata ne. Ashe tsohon mai garka, da yake Hausar tasu ba ta raba mace da namiji, "shi" yake ce wa kowa, ni kuma na ɗora wa sunan rawani da gemu da kaina. Makiyayan ba su yi mini ƙarya ba, babu malami mai wannan suna. Kuma a wurinsu ba a kama sunan babba, balle a nuna wa baƙo ita. Na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ta ce ta daɗe da sanin abin da nake nema, tana duba ne ko na Nasara ne ni ko na kaina. Wanda aka aiko leƙen asiri, in ji ta, ba ya zagin mai littafi a gaban mai littafi.

Ta gindaya mini sharuɗɗa. Littafi ba ya fita daga bukka. Sai da alwala, sai da rana. Warƙa ɗaya a hannu, in an gama a kife ta kafin a ɗauki wata. Na roƙi Agali ya nema mini hutu wurin Mushe, ya ce masa ciwon ya dawo. Washegari ta jawo wata jakar fata daga cikin kayan ɗakinta. Ta ce daga uwarta ta gaje shi, ita ma daga tata uwar. Mazan gidan su ne ke karantawa, amma littafin da bukka yake tafiya, bukka kuwa ta mace ce. Takardar ta yi laushi ta yi ja, tawadar ta koma ruwan ƙasa, sunayen sarakuna da jan tawada. Ba a ɗinke yake ba. A ƙasan kowace warƙa an rubuta kalmar da za ta fara ta gaba, da ita ake gane jeri. Na sa hannu na ɗauka.

Ban bi jeri ba. Sauri nake yi, na dinga ɗagawa ina neman Jatau. Na same shi. Layin nan ne sak irin na gidanmu, amma a nan babu rami. An rubuta: ibnu uhtihi. Ɗan 'yar'uwarsa.

Na karanta sau uku ko harafin zai canza. Ashe Gidan Gabas ne ke da gaskiya. Na fiddo namu na ɗaga shi a rana, sai na ga gefen ramin a miƙe yake, sumul. Gara ba ta cin takarda haka. Wani kakana ne ya sa wuƙa ya kankare, don kunya. Na tuna Baba, na ga an ɗora shi a jaki ana fitar da shi daga gari, yara na bin sa. Na jawo takardar da zan kwafa a kai, na tsoma alƙalami a kurtu. Ina faɗa ne don ya faru, ba don ina alfahari da shi ba: na rubuta ibnuhu, ɗansa. Kalma ɗaya na cinye. Na ce a raina tsohuwar nan ba ta karatu, wa zai sani?

Da na gama warƙar ta ce, "Karanta, ni ya ji." Haka al'adar kwafi take ko a wurinmu, sai an karanta sabo an gwada shi da uwa. Ta lumshe ido, na fara. Ina zuwa wurin na wuce da sauri.

Ta ɗaga hannu. "Tsaya. Ka ci kalma."

Na ce, "Inna, alƙalami ne ya zame."

Ta buɗe ido ta dube ni. "Alƙalami bai zame ba. Kai ne ya zame." Ta karanto layin da ka, da sunan uwar Jatau, Tamalat, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Tun tana yarinya take jin kawunnanta na karanta shi, ta haddace tas. Ta fara tattara warƙoƙin. Na kama gefen tabarmarta na faɗa mata komai, Di'o da rawani da sunan da ake kiranmu da shi a kasuwa.

Ta ce, "Ɗan mace. To? Shi zagi ne?"

Na ce, "A ƙasarmu zagi ne, Inna."

Ta yi tsaki irin wanda ban taɓa ji ba. "Kai malami ne, ka shiga littafi ta tsakiya? Koma farko." Ta sa hannu can ƙasan jakar ta fiddo wani ƙunshi dabam, a naɗe cikin farin ƙyalle. Warƙoƙin farko ne, sun tsufa har ba a haɗa su da sauran. Su ne waɗanda suka ɓata a namu.

Na fara daga bisimilla. Sarki na farko, da sunan uwarsa. Na biyu: ibnu uhtihi, da sunan uwarsa. Na uku, ibnu uhtihi. Na huɗu haka. Na biyar haka. Har zuwa Tambo kansa, shi ma ɗan 'yar'uwar wanda ya gada ne. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya gaji ubansa. A gefen layin Tambo kuma, da ƙaramin rubutu, marubucin ya ce ɗansa Kure ya nemi tambari, dattawa suka ba shi takobin ubansa da raƙumansa, suka kai tambari ɗakin Tamalat yadda aka saba. Jatau bai ƙwaci komai ba. Kai masa aka yi har gida.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, har kaina ya bugi sandar bukka. Shekara da shekaru muna sunkuyar da kai a kan abin da shi ne asalin sarautar. Da na tafi da kalmar da na rubuta, da na kai wa Baba ƙarya, na bar hujjarsa a cikin farin ƙyalle. Na yayyaga warƙar da na ɓata da hannuna. Tekna ta ce in tsince guntayen in binne, akwai sunan Allah a ciki.

Kwana tara na yi ina kwafa, harafi da harafi, har inda tawada ta ɗige a uwar na nuna. Kowace warƙa sai na karanta mata. Da aka gama ta aika aka kira wani malami ɗan ƙanwarta daga wani kwari, ya sake gwadawa, ya rubuta shaida a ƙarshe da hannunsa. Ranar tafiya ta ba ni cuku a ƙunshi, ta ce, "Gaida uba naka. Ka ce mishi 'yan'uwa nashi suna nan." Agali ya sauke ni a Agadas, ya cire rawanin kansa na biyu ya ba ni, wai kada in shiga gida da kan lebura.

Na iso ana ƙarasa yankan gero, saura kwana shida Di'o ya zo. Baba na zaune a zaure, ya rame. Bai bari na gama gaisuwa ba ya ce, "Habibu, me ka samo?"

Na ce, "Baba, gaskiyarsu ce. Jatau ɗan ƙanwar sarki ne."

Ya ɗora hannu a kan rawaninsa. Na ce, "Amma ka saurara." Na karanta masa tun daga farko. Da na kai na huɗu ya ce in dakata, in sake daga bisimilla, a hankali.

Ranar zama gari ya cika a gindin kuka. Alƙalin da ya zo tare da Di'o ya karɓi kwafina ya jera shi da tsohon namu, layi da layi, ya ga duk inda namu ya tsira sun dace. Ya ɗaga mai ramin a rana, ya dube ni, na ce, "Wuƙa ce, Allah ya gafarta Malam. Mu muka yi, ba gara ba." Aka yi guna-guni. Sannan ya miƙa wa malamin Gidan Gabas ya ce shi ya karanta da bakinsa. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, ya karanta bai rage komai ba, har rubutun gefe. Alƙali ya ce ƙarar da aka kawo ta ƙwace ce, rubutu kuma ya nuna ba a yi ƙwace ba. Tafinta ya juya wa Di'o, Di'o ya rufe littafinsa ya ce sarki ya ci gaba da zama.

Aka buga tambari, mutane suka yo kan Baba za su raka shi gida. Ya ɗaga sanda ya ce ba gida za shi ba. Ya dafa kafaɗata muka bi ta lungun marina, jama'a na biye da mu ba su san inda aka nufa ba, har ƙofar gidan Gwaggo Hassi, yayarsa, wadda tun da ya hau sarauta ita ke zuwa gaishe shi. Tana tsakar gida tana tsince wake. Ta gan shi da rawani da taro a baya, ta yunƙura za ta tashi, ta ce, "Lafiya, Sarki?"

Baba ya saki kafaɗata. Ya durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Ya ce, "Zauna, Yaya. Gaisuwa na kawo. Ashe a ɗakinku sarautar take, mu riƙo kuka ba mu."